Abin da wutsiyar macijin masara ta koya mini

Aikin kula da macizai marasa dafi cike yake da hidimomi marasa armashi, kamar sauya ruwan sha, da share akwatin kiwo, da auna ɗumi, da rubuta ranar da kowane maciji ya ci abinci ko ya yi saɓa. A cikin irin wannan hidima ta yau da kullum ne na samu damar lura da wata ɗabi'a ta macijin masara, wato yadda yakan karkaɗa ƙarshen wutsiyarsa da matuƙar sauri idan ya tsorata, har a ji wata ƙara idan wutsiyar ta bugi takarda ko busasshen ganye ko bangon akwati. Masu kiwo da yawa sukan firgita ranar da suka fara jin wannan ƙara, wasu ma su yanke hukunci nan take cewa macijinsu mugu ne. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne cewa wutsiyar ba ta faɗin halin macijin, halin da yake ciki a wannan lokaci kawai take faɗi, kuma sau da yawa mai kiwon ne ya jefa shi cikin halin.

Macijin masara, wanda masana kimiyya ke kira Pantherophis guttatus, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne, inda ake samunsa a jihohi irin su Fulorida da Jojiya, kuma tun a 1766 masanin halittu Linnaeus ya bayyana shi a rubuce. Ba shi da dafi ko kaɗan, nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi sannan ya haɗiye. Babba yakan wuce mita 1, wani lokaci ya kai mita 1.8, amma ranar da aka ƙyanƙyashe shi tsawonsa kusan santimita 30 ne kacal, kuma a daji maciji mai wannan girma abinci ne ga shaho da mujiya da ma wasu macizan. Wannan ne ya sa ƙananan suka fi manyan karkaɗa wutsiya nesa ba kusa ba. Ko da an ƙyanƙyashe shi a hannun mai kiwo, kuma bai taɓa ganin shaho ba, jikinsa ya gaji tsoron duk wani abu babba da zai sauko masa daga sama, hannun mutum kuwa ta sama yake zuwa idan murfin akwatin a sama yake.

Bayanin da aka fi yawan bayarwa shi ne wai macijin masara yana kwaikwayon macijin nan mai dafi da ke da ƙararrawa a ƙarshen wutsiya, domin maƙiyi ya ɗauka shi ne ya ja da baya. Bayani ne mai daɗin ji, tun da macizan biyu suna zaune a yanki ɗaya, kuma ƙarar wutsiya a cikin busasshen ganye tana kama da ta ƙararrawar. Sai dai karatu ya nuna mini cewa maganar ta fi haka zurfi. Maciji mai ƙararrawa a nahiyoyin Amurka kaɗai ake samunsa, amma akwai macizai a Asiya da ke karkaɗa wutsiya idan an takura musu, alhali babu wanda za su kwaikwaya a can. A 2016 Bradley Allf da Paul Durst da David Pfennig suka wallafa wani bincike a mujallar The American Naturalist, bayan sun ɗauki bidiyon macizai na jinsi 56, suka gano cewa gwargwadon kusancin dangantakar maciji da mai ƙararrawa, gwargwadon yadda saurin karkaɗawarsa da tsawon lokacinta ke kama da nasa. Abin da suka fahimta daga nan shi ne ɗabi'ar ta riga ƙararrawar zuwa duniya, wato macizai sun daɗe suna karkaɗa wutsiya kafin wani reshe daga cikinsu ya samu wannan gaɓa, wadda aka yi da irin sinadarin da ke cikin farce, kuma take ƙaruwa da zobe ɗaya duk lokacin da ya yi saɓa.

Wannan bai kore kwaikwayo gaba ɗaya ba. Allf da abokan aikinsa sun sake duba wani maciji marar dafi a tsibiran da ke gaɓar Kalifoniya inda babu mai ƙararrawa, suka tarar da cewa karkaɗawarsa ba ta daɗewa kamar ta 'yan'uwansa da ke zaune tare da mai ƙararrawa a babban yankin. A ganina hanya mafi adalci ita ce a ce ɗabi'ar tsohuwa ce, kuma inda ta yi dace da maƙwabci mai dafi tana iya samun ƙarin amfani. Abin takaici shi ne dabarar da ke korar dabba tana jawo wa macijin halaka a hannun mutane, domin da ma ana yawan rikita launinsa da na wani maciji mai dafi mai jan kai, Agkistrodon contortrix, idan kuma ya ƙara da ƙarar wutsiya sai a kashe shi ba tare da an tsaya dubawa ba.

A wajen aiki, abin da ya fi amfanata shi ne karanta wutsiyar tare da sauran jiki. Macijin masara gudu ya fi so, kuma yawanci sai ya ga hanyar gudu ta toshe yake tsayawa ya yi barazana. Idan ya ɗaga gaban jikinsa, ya lanƙwashe wuya ya ja kai baya, yana bin hannu da ido, wutsiya kuma tana rawa, to ya kai matakin da zai iya kai sara, ko da yake sau da yawa da baki a rufe yake kai bugun. Wani yakan yi huci, wani kuma ya saki ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiya da zarar an ɗaga shi. Saran nasa bai wuce ƙarzanewa ba, wankewa da sabulu ya wadatar, saboda haka abin da ya kamata ya dami mai kiwo shi ne wahalar da dabbar take sha, domin macijin da kullum yake cikin firgita yakan ƙi cin abinci. Akwai kuma lokutan da wutsiyar ke rawa ba don hannun kowa ba, misali sa'ad da yake tsakiyar haɗiye ɓera, lokacin da bakinsa a cike yake kuma ba shi da halin kare kansa. Wannan duk daban yake da wasa da wutsiya a hankali da wasu macizai ke yi domin su yaudari kwaɗo ko ƙadangare ya matso.

Na kuma lura cewa akwai lokutan da kusan kowane maciji ke zama mai saurin tsorata. Idan saɓa ta kusa, idanunsa sukan yi hazo su koma shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, ganinsa ya ragu, sai macijin da aka sani da sanyin hali ya fara karkaɗa wutsiya. Haka ma wanda aka kawo sabon wuri, shi ya sa ake barinsa kamar mako ɗaya ba a taɓa shi ba. Bayan ya ci abinci kuma ana ƙyale shi aƙalla awa 48, don kada ya amayar da abin da ya ci. Mafi yawan gyaran a cikin akwatin yake: maɓoya biyu matsattsu, ɗaya a gefen ɗumi mai kusan digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos, ɗaya a gefen da ya fi sanyi, domin kada macijin ya zama sai ya zaɓi tsakanin ɓuya da samun ɗumin da jikinsa ke buƙata.

Masu kiwo sun yi saɓani kan ko a janye hannu idan wutsiya ta fara rawa. Wasu suna cewa janyewa kullum tana koya wa macijin cewa barazana tana aiki, wasu kuma suna ganin ɗaukarsa a wannan hali zalunci ne. Ni dai abin da na gani shi ne hannun da ke shawagi a kansa cikin ɗar-ɗar ya fi komai tayar masa da hankali. Idan ba lokacin saɓa ba ne kuma bai ci abinci ba, gara a zo masa ta gefe, a tallabe tsakiyar jikinsa a hankali ba tare da an kama kai ko wutsiya ba, a bar shi ya yi ta ratsa yatsu na 'yan mintuna, sannan a mayar da shi bayan ya natsu. Yawancinsu sukan rage barazanar yayin da suke girma, amma akwai waɗanda ba sa dainawa, kuma tun da macijin masara yana iya haura shekara 20 a hannun mai kiwo, wanda ya samu irin wannan sai ya rage ɗaukarsa ya bar shi da halinsa.

Inda rubuta bayanai ya fi nuna amfaninsa shi ne lokacin da babban macijin da ya daɗe da sabawa da hannu ya fara karkaɗa wutsiya kwatsam. A nan nakan fara da ma'aunin zafi, sannan in duba ko akwai ƙananan ƙwari masu shan jini a tsakanin ɓawon fatarsa, ko tsohuwar saɓa ta maƙale ta shaƙe ƙarshen wutsiya, ko an ajiye akwatin kusa da injin da ke girgiza, domin maciji ba shi da kunne a waje amma yana jin girgiza ta ƙashin muƙamuƙinsa. Kyanwar da ke kwanciya a kan murfi ma ta isa ta jawo hakan. Idan duk waɗannan lafiya suke, kuma ga ƙin cin abinci ko ƙara a numfashi ko rama, to lamarin ya wuce gyaran akwati, sai a kai shi wurin likitan dabbobin da ya san dabbobi masu jan ciki.