Asabar: murfin gora da kwadon ƙofa

Alƙawarin da na ɗaukar wa Ummi tun kafin ta fara jarrabawa yau ya cika, domin da yamma na kai ta wasan mawaƙin nan da ta hana mu sakat da waƙoƙinsa a gida. Abba ma ya maƙale mana, duk da kullum yana cika bakin cewa shi irin waɗannan waƙoƙi ba sa burge shi. Mun fita cikin raha, Hajiya ta raka mu har bakin ƙofa da addu'a da gargaɗin kada mu kai dare.

A ƙofar ɗakin taron an yi layi biyu, na maza da na mata, masu tsaro cikin baƙaƙen riguna suna shafa wa kowa na'urar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe. An zazzage jakar Ummi, aka ajiye turarenta na feshi a wani kwali, aka ce ta karɓa idan an tashi. Ni kuwa gorar ruwa ce a hannuna, sai yaron ya karɓa, ya murɗe murfin ya jefa cikin bokiti, ya miƙo mini ita a buɗe. Abba ya ja tsaki, ya ce wannan ai neman magana ne kawai, me murfin roba zai yi wa mutum? Na ce masa ya yi haƙuri, dokar tana da dalili. Gora cike da ruwa a rufe, idan wani marar hankali ya wurgo ta daga baya, tana iya fasa goshi, alhali a buɗe ruwan zai zube tun kafin ta isa. Haka kuma idan ta faɗi ƙasa a rufe ba ta lotsewa in an taka ta, sai dai ta mirgina da ƙafar mutum, faɗuwar mutum ɗaya a tsakiyar cunkoso kuwa ta isa ta jawo faɗuwar na bayansa. Na shiga ina yaba musu a raina, ina cewa yau dai na haɗu da mutanen da suka san aikinsu.

Mun sami wuri a tsakiya. Jama'a suka yi ta kwararowa, kujeru suka ƙare, sai aka fara jero wasu na roba a kan hanyar da aka bari tsakanin sahu da sahu, har ta kai wanda zai wuce sai ya karkata jiki. Kafin mawaƙin ya hau dandamali na tashi neman inda zan yi sallar isha'i, kuma a nan ne na ga abin da ya ɓata mini daren.

A gefen hagu akwai wata ƙofa mai faɗi, a samanta koren allo mai haske da hoton mutum yana gudu. An zagaye hannayenta biyu da sarƙa, an datse da ƙaton kwado, sannan an jibge akwatunan lemo a gabanta har sun kai ƙuguna. Wani dattijo yana zaune a kan benci kusa da ita, da tocila a cinyarsa.

"Baba, sannu da aiki. Wannan ƙofar ta fita ce?"

"Yawwa, sannu Alhaji. Ta fita ce, amma ba yau ba."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Na tambaye shi wanda ke riƙe da makullin, ya ce manaja. Na ce ko manajan yana ciki, ya ce a'a, ya fita neman man janareta, amma ya ce yanzu zai dawo. Da na nemi jin dalilin kulle ta, sai ya gyara zama ya ba ni labari, cewa a wasan Ƙaramar Sallah wasu samari da ke ciki ne suka tura ta suka shigo da abokansu ba tikiti, kuma da aka zo lissafi shi aka ɗora wa laifin.

"Rabin albashina aka yanke, Alhaji. Tun daga ranar aka sayo wannan kwadon, ni ma hankalina ya kwanta."

"To Baba, idan wuta ta tashi fa, Allah ya kiyaye?"

"Amin. Ai shi ya sa muke roƙon Allah ya kiyaye." Ya ɗan yi shiru, ya juya tocilarsa, sannan ya ƙara da cewa: "Ni dai an ce in tsare ƙofa kada a shigo. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini ga yadda za a fita."

Na yi masa sallama na je na yi sallata, amma maganar nan ta bi ni har kujerata. Mawaƙin ya fito, ɗaki ya ɗauki ihu, Ummi tana ta rera baiti ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa idona yana kan wayoyin da aka ja a ƙasa zuwa manyan lasifika, da labulayen da aka lulluɓe bango da su, da ƙofa ɗaya tilo da muka shigo ta cikinta, wadda ita ma an raba ta biyu da teburin masu bincike. Tamkar a cika randa da ruwa ne a ce ya fita ta bakin buta.

Abin da ke damuna shi ne dokokin wurin sun kasu gida biyu, kuma gida ɗaya kawai ake aiki da shi. Duk dokar da ta hau kan mai sayen tikiti, ta jaka da murfin gora da turare, ana bin ta sau da ƙafa, domin ba ta cin ko sisin mai shirya wasa, kuma tana sa mai shigowa ya ji ana kula da shi. Amma dokar da ta hau kan mai shirya wasan shi kansa, wato kada ya sayar da tikiti fiye da abin da ɗaki zai ɗauka, kada ya toshe hanya da kujeru, kada ya kulle ƙofar fita, ita ce ake takewa, domin ita ce ke rage riba. Kuma a irin waɗannan taruka ta wannan ɓangaren ake yawan rasa rayuka.

Dokar ƙofa ba yau aka ƙirƙiro ta ba. A 1883, a wani ɗakin taro na garin Sunderland a Ingila, an gama wa yara wasa aka ce za a raba kyauta, suka rugo daga bene, suka tarar da ƙofar da aka sa wa sakata aka bar ɗan tsagin da yaro ɗaya kawai zai wuce. Yara 183 suka mutu a wurin, kuma bayan wannan ne aka tsananta cewa ƙofofin wuraren taro su riƙa buɗewa ta waje, aka kuma samar da ƙarfen nan da ake dannawa daga ciki ƙofa ta buɗe ba sai da makulli ba. Bayan shekara 141, a Disambar 2024, yara 35 suka mutu a Ibadan wajen wani bikin rabon kyauta. A Disambar 2022 kuma, a wasan mawaƙi Asake da aka yi a Brixton da ke Landan, turmutsitsin bakin ƙofa ya ci ran mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ma'aikacin tsaron wurin ne, kuma hukuma ta dakatar da lasisin gidan, ba a sake buɗe shi ba sai a Afrilun 2024. A Oktoban 2022, mutum 135 suka rasu a filin ƙwallo na Kanjuruhan a Indunusiya, bayan an harba barkonon tsohuwa jama'a suka ruga zuwa ƙofofin da ba su isa fitar da su ba. Masana cunkoso suna cewa da zarar mutane sun haura biyar zuwa shida a murabba'in mita ɗaya, mutum ba shi ke sarrafa ƙafafunsa ba, kuma da yawa a tsaye suke mutuwa, saboda an danne ƙirji numfashi ya kasa shiga.

Da na ga an fara tashi tsaye ana matsowa gaba, sai na ce wa yaran mu koma baya kusa da ƙofa. Ummi ta ce, "Haba Kawu, daga can ai ba a ganin komai." Na ce na sani. Mun fita kafin waƙar ƙarshe, wadda ita ce ta fi so, kuma har muka iso gida ba ta ce mini uffan ba.

Abba ne ya yi ta ja da ni a mota. Hujjarsa ita ce idan aka bar ƙofar a buɗe 'yan ba-tikiti za su cika ɗakin, cunkoson da nake tsoro ya ƙaru. Maganarsa tana kan hanya, kuma na faɗa masa haka. Sai dai maganinta yana zaune a kan benci da tocila a cinyarsa. Tunda an riga an ajiye mutum a wurin, abin da ya rage shi ne a ƙara masa mataimaki, a cire sarƙar, a kwashe akwatunan, a kuma daina yanke masa albashi kan abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Hajiya ba ta yi barci ba. Da na ba ta labari sai ta tuno wajen jifan Shaiɗan, inda mutum fiye da 340 suka rasu a 2006, daga baya aka rushe gadar aka gina mai hawa-hawa, hanyar shiga daban ta fita daban, kowace tawaga da lokacinta. Ta ce a lokacin da ta je, alhazai suna ta ƙorafin askarawa sun hana su juyowa ta inda suka shigo, ita ma har da ita a masu mitar, amma ta yi jifanta ba wanda ya ko taka mata ƙafa.

Yaya ya kira yana tambayar dalilin fushin 'yarsa. Da na yi masa bayani sai ya ce, "To ai kowa ya fito lafiya, ko?" Na ce ƙwarai, an fito lafiya, kuma wata mai zuwa akwai wani wasan a ɗakin, ƙawayen Ummi har sun fara tara kuɗin tikiti.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan biya ta wurin da rana in nemi manajan. Abin da nake ta juyawa shi ne yadda zan faɗi maganar ba tare da ta koma kan Baba ba, domin idan aka ji cewa ya yi hira da baƙo har ya faɗi inda makulli yake da zancen albashinsa, shi za a fara sallama, kwadon kuma ya zauna inda yake. Zan ce da idona na ga sarƙar ina neman wurin sallah, kuma ban yi magana da kowa ba.