Abin da Baraden Sarki Arthur Suka Koya Mini Game da Rubutu Domin Matasa

Binciken da na yi na kammala digiri a sashen nazarin adabin Ingilishi ya shafi labaran Sarki Arthur, sarkin Birtaniya na tsoffin hikayoyi, da baradensa, musamman yadda marubutan baya-bayan nan suke sake tsara su domin matasa. Aikin ya buƙaci in buɗe tsohon littafi da sabo a lokaci guda, in riƙa bin su babi-babi, ina rubuta abin da aka bari da abin da aka cire da kuma abin da aka ƙara. Aiki ne mai cin lokaci, amma a cikinsa na koyi yadda ake auna littafin da aka sake rubutawa.

Tun da wuri binciken ya nuna mini cewa babu wani littafi guda da za a ɗaga a ce shi ne asalin da hannu bai taɓa ba. Geoffrey na Monmouth, wanda ya yi rubutunsa da harshen Latin wajen shekarar 1138, ya kawo Arthur a matsayin sarki mayaƙi mai cin ƙasashe, kuma a labarinsa babu Lancelot, gwarzon baraden Arthur, babu zagayayyen teburin da aka san baraden da shi. Mawaƙi Wace ne ya ambaci teburin a 1155, sannan Chrétien de Troyes na ƙasar Faransa ya shigo da soyayyar Lancelot da Sarauniya Guinevere, matar Arthur, a ƙarshen ƙarni na 12. Shi kuwa Thomas Malory, wanda yawancin littattafan matasa na Ingilishi suke ɗebo ruwa daga rijiyarsa, tattaro labaran ya yi daga tsoffin littattafan Faransanci da Ingilishi yana tsare a kurkuku, ya kammala wajen 1470. Da William Caxton ya zo buga aikin a 1485, shi ma sai da ya sa hannu, ya rarraba shi zuwa littattafai 21. Saboda haka duk wanda ya sake rubuta labarin a yau yana bin sawun magabatansa ne, kuma abin da ya dace a tambaye shi kawai shi ne me ya zaɓa ya cire.

A littafin Malory akwai rantsuwar da baraden suke sabuntawa kowace shekara, cewa ba za su yi kisan gilla ba, za su guji cin amana, za su yi afuwa ga wanda ya nemi afuwa, za su kuma taimaki mata a duk inda suka same su cikin ƙunci. Duk littattafan matasa da na karanta suna ƙaunar wannan rantsuwa, kuma sun yi daidai. Inda suka rabu shi ne a kan abin da ya biyo bayanta, domin Malory ya ɓata shafuka masu yawa yana nuna yadda mutanen da suka yi rantsuwar suka kasa cika ta.

Labarin Gareth shi ne ya fi tsaya mini a rai. Saurayi ne da ya zo fada bai faɗi sunansa ba, ya shekara yana aiki a ɗakin girki ana yi masa ba'a, alhali ɗan sarki ne kuma ƙanin Gawain, ɗaya daga cikin manyan baraden Arthur. Lancelot ne ya naɗa shi barde da hannunsa, shi ya sa Gareth yake girmama shi fiye da kowa. Da asirin Lancelot da sarauniya ya tonu, aka yanke mata hukuncin ƙonawa, sai Arthur ya umarci Gareth da ɗan'uwansa Gaheris su halarci wurin. Ba su iya ƙin umarnin sarki ba, amma suka je babu sulke babu kwalkwali, domin kowa ya ga cewa ba da son ransu suka zo ba. Lancelot ya faɗo wa taron da dakarunsa domin ya ceci sarauniya, kuma a cikin turmutsitsin ya sare su duka biyun bai ma gane su ba. Daga nan Gawain ya ɗauki gaba, ya tura Arthur yaƙar Lancelot har zuwa Faransa, Mordred, ɗan Arthur da aka bar wa riƙon ƙasa, ya sami damar ƙwace gadon sarauta, ƙungiyar baraden ta watse. Babu wani dodo ko maƙiyi daga waje da ya rusa su, da hannunsu suka yi.

A 1880 wani mawaƙi ɗan Amurka mai suna Sidney Lanier ya fitar da littafin Malory domin yara maza, ya bar fafatawa da sukuwar dawaki, ya share abin da ke nuna cewa Lancelot ya ci amanar ubangidansa. Na fahimci dalilinsa, domin kowane uba yana son kare idon ɗansa, kuma ni ma ban ga amfanin a zayyana wa yaro alfasha ba. Amma da na karanta ƙarshen littafin sai na ga an bar hukunci an cire laifi, ta yadda mai karatu zai ɗauka makircin 'yan hassada ne kaɗai ya kashe mutanen kirki. Yaron da ya karanta haka ya koyi cewa masifa daga wasu take zuwa, alhali abin da tsohon labarin yake faɗa shi ne gwarzon da ya fi kowa iya riƙe mashi yana iya zama sanadin mutuwar wanda ya fi ƙaunarsa. Ana iya faɗa wa ɗan shekara goma sha biyar cewa an ci amana ba tare da an buɗe masa labule ba, kuma marubutan da suka iya wannan su ne suka fi burge ni.

T. H. White, wanda ya fara fitar da nasa labarin a 1938, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya mayar da teburin wata dabara ta sarki domin ya karkatar da ƙarfin masu ƙarfi zuwa ga adalci, sannan ya bar mai karatu ya ga dabarar tana rushewa. Philip Reeve ya wuce nan a littafinsa na 2007, wanda ya ci lambar yabo ta Carnegie, ta littattafan yara da matasa a Birtaniya, a 2008. A wurinsa Arthur shugaban 'yan hari ne mai zafin hannu, Merlin kuwa, bokan da yake ba sarki shawara a tsoffin labaran, gwanin baki ne da yake ƙaga masa labaran yabo, kuma wata yarinya mai hidima ce take ba da labarin. Ban yarda da duk abin da ya yi ba, domin a ganina ya rage wa rantsuwar daraja fiye da kima, amma ya amince cewa matashi yana da hankalin da zai tambayi wa ya ƙera sunan gwarzo da kuma don me.

Akwai wani barde da na daɗe a kansa saboda ya shafe ni a matsayina na Musulmi, wato Palomides, wanda Malory ya kira Basarakine, sunan da Turawan wancan zamani suke kiran Musulmi da shi. An nuna shi jarumi ne mai cika alkawari, wanda baraden fada suke shakkar karawa da shi, amma labarinsa bai rufe ba sai da aka yi masa baftisma bayan gumurzunsa da wani babban barde mai suna Tristram. Wasu littattafan matasa sun rage shi zuwa 'yan layuka, wataƙila domin gudun rigima. A babin ƙarshe na bincikena na kawo hujja cewa barinsa da cikakken labarinsa ya fi amfani, domin ta hanyarsa ne mai karatu zai ga iyakar tunanin mutanen ƙarni na 15, waɗanda suka yaba wa baƙo saboda jaruntakarsa amma suka kasa karɓarsa da addininsa.