Jarkar mai ɗaya ce ta tsayar da mu a tsakiyar tafkin Lagdo

Har yanzu idan na wuce kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake jerawa a bakin titi, sai gabana ya faɗi. Lita 10 kacal na saya, don ƙari ma na saye su, kuma su ne suka kashe mana inji a tsakiyar tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru cikin watan Agusta, hadari yana haɗowa daga gabas, ga yara uku a cikin jirgi.

Hanya ba ta da wani labari. Ka taso daga Garwa da sassafe, ka bi titin Ngawundare har Ngong, ka karkata hagu, kafin hantsi ya dubi ludayi kana bakin ruwa a Jiporde. Cinikin jirgi iri biyu ne. Ko dai ka biya a dunƙule, mai jirgi ya zo da mansa, ko kuwa ka biya kuɗin jirgi da matuƙi kawai, mai kuma a wuyanka. Na ɗauki na biyu don ya fi araha da 'yan jakunkuna, kuma daga nan matsalar ta samo tushe. Mutumin da ke cin abinci da injinsa ya san wurin wanda yake sayen mai, ya san gangar da ake ɗebo masa. Baƙo kwalba kawai yake gani.

Jirgin na katako ne, injin Yamaha mai doki 15, irin wanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur. Mu bakwai ne, da dattijon da ke tuƙi da yaronsa muka zama tara. Irin wannan inji idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya yakan sha wajen lita 7 a awa, idan kuma aka sassauta ya sha ƙasa da haka. Tankinsa lita 12 ne, na cika shi da man da na sayo a gidan mai a Garwa. Da dattijon ya ji inda muke so mu kai, sai ya ce:

"Alhaji, wannan zai kai mu, amma ba zai dawo da mu ba. A ƙaro."

Sai na aiki yaro da jarka ya sayo lita 10 a bakin hanya. Na zuba baƙin mai daidai ƙa'ida, kashi 1 cikin 50, wato mililita 200 a lita 10, na girgiza, na tura ta ƙarƙashin benci. Na auna baƙin man da kyau, ban duba fetur ɗin kansa ba.

Mutanen da ba su taɓa shiga ba suna ɗaukar Lagdo kamar wani babban kududdufi ne a bayan madatsa. Sinawa ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, suka tare Binuwai, ruwan da ya taru kuwa idan ya cika ya fi murabba'in kilomita 500. Da zarar ka bar duwatsun da ke kusa da gari ka fita fili, akwai wuraren da gaɓar ɗaya ɓangaren take zama kamar zare a ido. Faɗin nan shi ne ke ba iska damar tara igiyar ruwa, kuma igiyar tafki gajera ce mai zuwa kusa-kusa, jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya son ta ko kaɗan.

Tafiyar zuwa lafiya lau. Mun tsaya a wani tsibiri mai duwatsu inda rema ke shan hantsi, yara suka yi ta ƙirga su, muka hango dorina daga nesa dattijon ya kewaye ta da nisa, sannan muka ƙara gaba zuwa wata tungar masunta, muka yi azahar a can, muka ci abin da muka zo da shi. Duk da yawon da muka yi, inji ya yi aiki kamar awa ɗaya da rabi, tanki ya kusa ƙasa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi yaron jirgi ya juye jarkar nan a tanki, ya kife ta har ɗigon ƙarshe. Wannan kifewar ita ce ta gama da mu. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba ya haɗuwa da shi, yana kwanciya ne a ƙasa. Awa huɗu jarkar tana zaune ƙarƙashin benci, ruwan ya riga ya taru wuri ɗaya. Da an bar rabin lita na ƙarshe a ciki, da mai yiwuwa mun iso gida ba tare da mun san komai ba. A cikin tanki kuma bakin bututun da ke zuƙar mai yana can ƙasa, daidai inda ruwan zai sake kwanciya.

Inji ya tashi da jan farko, domin akwai sauran mai mai kyau a tiyo da kafireta. Shi ya sa muka bar tunga hankali kwance. Ba mu yi wata tafiya mai tsawo ba ya fara tari, ya ja ya saki, ya ja ya saki, dattijon ya ƙara wuta, ya mutu. A lokacin mun yi nisa da tunga, gari kuma ko alamarsa babu.

Akwai abin da ban lissafa ba, kuma duk mai niyyar zuwa Lagdo a babban hutun makaranta ya kamata ya sa shi a ransa. Hutun yana faɗawa daidai lokacin da ake rufe kamun kifi, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, don kifi ya hayayyafa. A watannin rani da wuya ka daɗe a tsaye wani jirgi bai gifta ba, ka ɗaga hula a jawo ka. A Agusta masunta da yawa suna gona. Mun fi awa ɗaya a wurin, jirgi ko ɗaya bai wuce ba. Waya kuma layi yana zuwa yana ɗaukewa, wanda muka samu a Jiporde ya ce sai ya nemo mai da matuƙi tukuna.

Dattijon ya san aikinsa, wannan kam na shaida. Ya fara da abubuwa masu sauƙi: ya duba ƙaramin noti na iska da ke kan murfin tanki ko a rufe yake, ya duba maƙallin kashe inji, ya matsa famfon roba na tiyo ya ji ya yi tauri. Duk lafiya. Sai ya cire tiyon daga inji, ya danna bakinsa, ya matso mai a tafin hannunsa. Fetur yana bushewa nan take. Wannan kuwa sai ga ƙananan ƙwayoyin ruwa suna yawo a hannu. Ya dube ni ya ce:

"Alhaji, a ina aka sayo wannan?"

"Baba, a bakin hanya."

Bai ƙara cewa komai ba, ya ce a miƙo masa robar ruwan sha ta Tangui.

Ga yadda aka fitar da ruwan, kuma tsarin yana da muhimmanci, domin idan ka tsallake ɗaya sai ka maimaita duka. An jingina tanki a karkace, aka bar shi ya natsu, abin da ke da wuya a jirgin da ke rawa. Aka tsiyaye na sama a hankali zuwa jarka, aka bar na ƙasa, aka juye shi a robar ruwa mai haske. Nan kowa ya gani da idonsa: fetur a sama, ruwa a ƙasa, da layi tsakaninsu kamar an ja da biro. Aka mayar da mai kyau tanki, aka yi ta matsa famfo har tiyo ya fitar da abin da ke cikinsa, mai tsabta ya biyo. Sannan aka buɗe murfin inji, aka kwance notin da ke gindin kafireta, ruwan da ya taru a kofinta ya zube. A ƙarshe aka cire buji biyu, wato fulogi, aka goge su, aka ja igiya sau da yawa babu su don abin da ya shiga ciki ya fita, aka mayar. Duk wannan da sukudireba ɗaya da sifanar buji aka yi shi. Da babu su a jirgin, da ilimin dattijon bai amfane mu da komai ba. Notin kafireta ƙarami ne ƙwarai, idan ya suɓuce ya faɗa ruwa shi ke nan, don haka a shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi kafin a taɓa shi.

Muna cikin wannan aiki gabas ta yi baƙi. Hadarin damina a arewacin Kamaru galibi daga gabas yake tasowa, da yamma, kuma iska ce ke riga ruwa isowa. Na riƙa ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowane sakan 3 kilomita ɗaya ke nan, tazarar tana raguwa. Da na sayi mai mai kyau, da a wannan lokacin muna bakin Jiporde muna sauke kaya.

Jirgin da ba inji yana juya gefensa ga igiyar ruwa, kuma ta gefe ake kifewa. Yaron jirgi ya ɗaura bokiti a igiyar goshi ya jefa ruwa, bokitin ya cika ya riƙe, goshin jirgi ya juyo ya fuskanci iska. Dattijon ya sa kowa ya sauka daga benci ya zauna a ƙasan jirgi, a tsakiya, babu mai miƙewa. Mutum biyu suka kama kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka. Filafili ɗaya ne kawai a jirgin, abin da har yau yake ba ni haushi, domin da biyu ne da mun iya matsawa. Rigunan kariya guda huɗu ne ga mutum tara, kuma duk na manya. Rigar babba a jikin yaro ɗan shekara shida, idan ya faɗa ruwa, sama take yi ta bar shi, sai da muka ɗaure ta da ɗankwali ta tsakanin ƙafafunsa.

Inji ya tashi iska ta riga ta iso. Dattijon bai nufi gida ba, ko da yake wasu cikinmu sun so haka. Ya bi igiyar a karkace da ƙaramar wuta har bayan wani tsibiri mai dutse, ɓangaren da iska ba ta bugu, muka ɗaure a nan, muka fita muka tsuguna nesa da dogayen itatuwa har ruwa ya ɗauke. Mun iso Jiporde ana kiran magariba, jiƙe sharkaf, wayoyi biyu sun mutu, tanki saura kaɗan. Tafiya gaba da iska tana shan mai fiye da ta ruwan kwance, ga wanda muka zubar wajen tacewa. Ko da man ya kasance mai kyau, lita 22 sun yi kaɗan ga wannan tafiya. Lissafin da ya dace kashi uku ne: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Tunda zuwa ya ci kusan 10, da 30 ya kamata mu tashi.

Ban ce mai zuwa-zuwan ya zuba ruwa da gangan ba. Damina ce, ganga tana waje, mazurari yana shan ruwan sama, murfi ba ya rufuwa sosai. Babur ma yakan sha irin wannan man ya yi tari ya mutu, mai shi ya tura zuwa wurin bakanike. A kan ruwa babu inda za ka tura.

Sauran abubuwan kowa ya san su, a taƙaice zan faɗa. A shiga ruwa da safe, a kasance a tudu kafin ƙarfe biyu in damina ce. A gaya wa wani a bakin ruwa inda aka nufa da lokacin dawowa. Waya a leda biyu. Kada a bar yara su yi wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa, saboda tsargiya, kuma nan ne dorina ke fitowa da yamma. Idan inji yana aiki a riƙa duba siririn ruwan da yake fitarwa ta baya, in ya tsaya a kashe nan take a duba ko leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa.

Na sake komawa bayan sati uku. Kafin a kwance igiya na ƙirga riguna da kaina, har da ƙanana biyu da na sayo a Garwa, na ga filafili biyu, bokiti, sukudireba, sifana da buji sababbi. Mai kuwa duk daga gidan mai, kuma duk da haka kowace jarka sai da ta zauna minti 15, na zuƙo daga can gindinta da siririn tiyo zuwa robar ruwa mai haske, na ɗaga ta a rana na duba. Wajen juyewa a tanki muka sa tsumma mai tsabta a bakin mazurari, rabin litar ƙarshe kuma aka bar ta a jarka. Robar da muka tace ruwan a ranar farko dattijon ya ajiye ta a jirginsa, yana nuna wa duk wanda ya ce zai zo da mansa. Ruwan da ke ƙasanta ya kai kofin shayi biyu.