Talata, tsakiyar damina a sashen gaggawa

Yau majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashenmu, ya tara mu kafin mu karɓi aiki, ya raba mana takardun gwaji ba tare da sanarwa ba. Tambayoyin duk daga tsarin tantance yara marasa lafiya ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda muke kira TETU. Jariri ɗan wata 8, numfashi nawa a minti ake cewa ya yi sauri? 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Allurar artesunate, maganin masassara mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Wasu sun yi gunaguni, wai raini ne ga wanda ya daɗe yana aiki. Ni ban ga raini ba. Hannu yana sabawa, amma lissafi yana zamewa daga kai, kuma da tsakar dare babu wanda za ka tambaya.

Daga nan aka ajiye ni a ƙofa. Baranda cike take, lokacin masassara ne. Can ƙarshen layi wata mata daga wajen Madarunfa tana zaune shiru da goyo. Shirun ne ya ja ni. Na ɗaga zane, tafin hannun yaron fari fat, na mintsine shi bai motsa ba. Muka shige da shi nan take. Sukarin jininsa ya faɗi, muka sa masa ruwan sukari ta jijiya, aka yi allura, aka aika neman jini.

Wani dattijo mai rauni a ƙafa ya tare ni: "Ɗiyata, mu da muka zo tun hantsi fa?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wancan yaron ba zai iya jira ba."

Ya ce, "Je ki, Allah ya tashi kafaɗunsa."

Sauran kuwa tun a ƙofa na auna nauyinsu da zafin jiki, na yi musu gwajin masassara, kafin su isa gaban likita rabin aiki ya ƙare. Layin ya ragu sosai kafin la'asar. Yaron ma ya farfaɗo, alhamdulillahi.

Gobe zan roƙi majo kada a bar ƙofar babu kowa da dare, domin bayan magariba ne ake yawan kawo mana ƴan kabu-kabu da suka yi haɗari.