Wanda ya zo Marwa karatun halayyar ɗan Adam, Hausarsa ce za ta fara gwada shi

Mu da muka tsallako Kamaru daga Mubi ko Yola, Faransanci muka zo muna tsoro, da makin da ake bayarwa bisa 20, sai ka kai 10 ka tsira. Wannan duk yana wucewa cikin shekara uku na digirin farko. Abin da ba ya wucewa shi ne ranar da aka tura ka koyon aiki a asibiti, mai kula da kai ya gano kana jin Hausa. Daga ranar ka zama tafinta, ba wanda ya tambaye ka ko ka shirya.

Ɗauki takardar PHQ-9 ta auna ciwon damuwa. Tambaya tara ce kan mako biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27, daga 10 zuwa sama a ƙara bincike. A takarda ba wuya. Amma zaunar da dattijo ka ce, "Baba, kana jin ba ka da amfani?" Zai ce Alhamdulillahi. Barci fa? Alhamdulillahi. In ka rubuta sifili ka yi ƙarya, in ka rubuta 2 ka ƙaga masa. Sai dai ka sauko da tambayar ƙasa: dare nawa a makon nan asuba ta same ka ido biyu? Tuwon dare kana cinyewa? Tambaya ta tara ita ce ta tunanin mutuwa ko cutar da kai, kuma ita tafinta ke haɗiyewa don kunya, alhali ita ce ba a tsallakewa. In amsar e ce, mai kula da kai zai sani a ranar, kuma tun farkon zama ake gaya wa mutum cewa sirri yana da wannan iyakar.

Sauran ƙa'idar a bayyane take. Lamba ake sa wa fayil, ba suna ba. Mijin da ya rako matarsa a waje yake jira sai in ita ta ce ya shigo, kuma ba a gabansa ake tambayarta ba. Wanda kuke sahu ɗaya a masallacin unguwa kuwa miƙa shi ake yi ga wani, ko da kai kaɗai ke jin bakinsa. Nan abin yake da ciwo, don Hausawan nan su ne dangin da kake da su, su suka nemo maka ɗaki.

A gida ma ba a gane ba. Hajiya har yanzu "likitan mahaukata" take gaya wa maƙwabta, tana faɗa da alfahari. Da Sallah kuma Gwaggo za ta turo ɗanta da ya daina magana a duba shi, ka ce ƙa'idar aiki ta hana duba ɗan'uwa, ka ba da shawarar asibiti. Kafin ka hau motar Garwa ka koma Kamaru an riga an ce Faransanci ya sa maka girman kai.