Kwana tara ina gadin shiru a 144.800

Bayan na samu lasisin rediyon sha'awa (amateur radio) da lambar kira mai farawa da 5N, alamar Najeriya, abin da ya fara tsaye mini a rai shi ne APRS, wato tsarin aika gajerun saƙonnin wuri ta rediyo. Wani Ba'amurke, Bob Bruninga, wanda ya rasu a 2022, shi ya ƙirƙiro tsarin. Rediyonka zai riƙa cillo ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da lambarka da inda GPS ta ce kake. Idan wata tasha da ke haɗe da intanet ta ji, sai ta miƙa shi ga manyan kwamfutocin APRS-IS, duniya ta gan ka a taswirar aprs.fi. Irin wannan tasha ake ce wa iGate, wato ƙofar shiga intanet. Na duba taswirar, Turai cunkus kamar kasuwar Kurmi, kewayen Kano kuwa fayau. Sai na ce to, ni zan zama ƙofar.

Kayan ba su da yawa: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, ɗan rediyon sauraro RTL-SDR mai kama da filashi, manhajar Direwolf mai karanta saƙonnin, da eriyar da na lanƙwasa da bututun jan ƙarfe na ɗaure a jikin ƙarfen tankin ruwa. Na saita 144.800 MHz, mitar da ake amfani da ita a Turai, na maƙala -10, alamar iGate, a bayan lambata, na haɗa da APRS-IS. Tambarina ya fito a taswira. Murna har kunne.

Daga nan fa shiru. Kwana tara ko tari ban ji ba. Na zargi eriya, na sauke ta, na mayar. Na zargi wayar eriyar, kuma a nan da gaskiyata, domin ta dish ce mai arha, doguwa, ga haɗi biyu da na naɗe da salatif. Na canja ta. Duk da haka shiru, don ashe ba mai magana ne a kusa. Ƙofa na gina a dokar daji.

Wani tsohon hannu ne ya ce mini, "Malam, ka ɗaga kai sama mana." Tashar sararin samaniya ta ISS, mai shawagi kimanin kilomita 400 sama da mu, tana maimaita saƙonnin APRS a 145.825 idan an kunna na'urarta. Na duba lokacin wucewarta, na juya mita, na zauna bayan la'asar da kofin shayi. Can sai ga wata ƙara ƙirrr, kamar gyare ya shaƙe, ko daƙiƙa ɗaya ba ta kai ba. Allo ya rubuto RS0ISS, lambar kiran ISS. Kafin ta faɗa bayan gidaje, minti goma bai cika ba, na kama wata tasha mai lamba da ta fara da EA, daga Sifaniya ke nan. Shayin nan sai da ya huce.

Wuta ta koya mini nata karatun. Ɗaukewa biyu a dare ɗaya suka lalata katin memorin Pi, na koma farko. Yanzu a kan batirin sola yake, kuma na raba shi da ƙarƙashin kwano, inda zafin Afrilu ke sa shi suma.

Da na saka na'urar bibiya a mota, -9 a bayan lamba, alamar tashar mota, na yi ta zagaya gari ina kallon zaren da nake ja a taswira. Wata ranar Asabar Yaya ya kira ni: "Kai, me kake yi a gidan mai tun ɗazu?" Ɗansa ne ya nuna masa a waya. Gabana ya faɗi. APRS ba ya ɓoye komai, dokar rediyon sha'awa ma ba ta yarda da rufaffen saƙo ba, kuma duk mai data zai ga inda motarka ta kwana. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane! Daren nan na share lambobin ƙarshe na GPS ɗin tashar gida, yadda tambarin zai nuna unguwa kawai. Ta motar kuwa tana cikin aljihun gaba a kashe, sai ranar da muke gwaji da abokai nake jona ta.