Saiwar albasa ce jarinmu

Sana'armu haɗa silaid, wato 'yan gilasan nan da ɗalibai ke ɗorawa ƙarƙashin madubin likita a darasin bayoloji. Ƙaramin kamfani ne a Kano, ni da yarana 'yan kaɗan, masu sayen kayanmu kuma makarantun sakandare ne da kwalejojin ilimi. Muna yin na ganye da na kara, amma wanda ya fi tafiya shi ne na bakin saiwar albasa, don a nan ake nuna wa yaro yadda ƙwayar halitta ɗaya ke rabuwa ta zama biyu.

Ba arha kaɗai ta sa ake zaɓen albasa ba. Kuromosom ɗinta, wato 'yan sandunan cikin ƙwaya masu ɗauke da bayanan gado, 16 ne, ga su manya, suna shan rini sosai. Na mutum 46 ne, kuma ba a samun su sai da wahala. Daga 'Yankaba muke saro ta, mu kankare tsohuwar saiwa, mu ɗora kowace a bakin kofi gindinta na taɓa ruwa. Idan sababbin saiwoyi suka fito farare, sai mu yanke bakin, abin da bai wuce milimita biyu ba. Nan ne kawai ake rabuwa. Daga can sama ƙwayoyin tsawo kawai suke yi. Mu jefa cikin haɗin itanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya, wanda ke tsayar da kowace ƙwaya a halin da ya same ta. Sai asid ɗin haidirokulorik mai ɗumi ya tausasa ta, a rina da orsin, wani rini mai kama kuromosom, a rufe da siririn gilashi a danna da babban yatsa. Dannawar nan ita ce gwanintar. Ka murza kaɗan, ka watsa komai.

Ba kowace albasa ke ba da haɗin kai ba. Wadda aka cire daga gona kwanan nan barci take yi, sai ta kwana biyu a ajiye take yarda ta fitar da saiwa. A wasu ƙasashe ma ana fesa wa gona wani sinadari, malik haidirazaid, kafin girbi, don ya hana ƙwayoyin rabuwa albasa ta daɗe ba ta tsiro ba. Irin wannan alheri ce ga mai ajiya, mu kuwa ba ta da amfani a wurinmu.

Ƙorafin da na fi sha daga malamai guda ne. Wani dattijo, shugaban sashen kimiyya a wata makaranta, ya taɓa dawo mini da kwali cif, ya ce, "Malam, wannan ai babu komai a ciki. Ƙwayoyin duk a zaune suke." Na ce, "Ranka ya daɗe, haka Allah ya yi su." A saiwa mai lafiya, mafi yawan ƙwayoyin, sau da yawa kusan tara cikin goma, ba a ganin suna komai: girma suke yi, suna kwafar DNA ɗinsu, wato sinadarin gadon da ke cikin kuromosom, suna duba kwafin. Rabuwar da ake zanawa a allo, inda kuromosom ke yin kauri, su jeru a tsakiya, a ja su gefe biyu, sabon bango ya raba tsakani, ɗan gajeren lokaci ne a rayuwar ƙwaya. Walther Flemming, Bajamushe, shi ya bayyana matakan nan dalla-dalla ya raɗa musu suna maitosis a 1882.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma littattafan sakandare ke wucewa da sauri, shi ne abin da ke ba ƙwaya izinin rabuwa. Tafiyar kamar hanyar Kano zuwa Kaduna ce, da shingayen bincike. Kafin a fara kwafar DNA ana duba ko ƙwayar ta isa girma kuma akwai abinci. Kafin a shiga rabuwa ana duba ko kwafin ya kammala ba ɓaraka. Na uku, ba a jan kuromosom gefe sai kowanne ya kamu da zarensa, wato siririn zaren da ƙwaya ke haɗawa don jan su. Masu buɗe shingen wasu furotin ne iri biyu, saikilin da CDK. Shi CDK kullum yana nan, amma ba ya aiki sai saikilin ya manne masa. Saikilin kuwa taruwa yake yi, ya gama aikinsa a rushe shi. Tim Hunt ya gano shi a 1982 a ƙwan bushiyar teku. Leland Hartwell da Paul Nurse a yis suka yi nasu binciken, su ukun suka raba kyautar Nobel a 2001. A jikinmu akwai ƙarin mai gadi, wani furotin da ake kira p53, wanda ke tsayar da ƙwayar da DNA ɗinta ya lalace, in gyara ya gagara ya sa ta kashe kanta. A kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana samun shi a lalace.

Akwai hanyar faranta wa wancan dattijo rai, kuma duk ɗan sana'a ya san ta. A jiƙa saiwar cikin wani magani, kolcisin, na 'yan sa'o'i. Yana hana zaren haɗuwa, ƙwayoyi su taru a shinge na uku, silaid ya cika da kuromosom gwanin sha'awa. Albert Levan na Suwidin ya nuna haka a albasa tun 1938, kuma wasu magungunan daji, irin su binkiristin, ta zaren nan suke kama ƙwayoyin cutar. Muna yin irinsa ga ɗaliban jami'a masu son ƙirga kuromosom, mu rubuta a jikinsa cewa an sa magani. Ga sakandare ba na yarda. Yaron da aka ce ya ƙirga masu rabuwa cikin ɗari zai fito da lissafin ƙarya, ya tashi da zaton haka saiwa take.

Sauran wahalar ta kasuwa ce. Rini da gilashi daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Ƙurar hunturu kan shiga ƙarƙashin gilashi kafin gam ya bushe, zafin bazara kuma ya busar da samfur tun ba a rufe ba. Ga silaid na Indiya da Sin da ake shigowa da su kwali-kwali, wasu sun fi namu arha. Abin da ke riƙe mana makarantu shi ne muna zuwa da kanmu, da albasa a kofi, mu sa ɗalibai su danna nasu. Kuɗin kuwa yawanci sai bayan an biya kuɗin makaranta na zango mai zuwa yake fitowa.